Kwana Uku Kafin Amsa

Ƙarfe biyun dare ya gota a Katsina.
Janareto ya yi tari, ya kama.
Baba Rabe ya yi nasa tarin,
numfashi bai kama ba.
Gado na tara: ƙirji na ɓararraka
kamar kunu a rufaffiyar tukunya.

Na ɗaga hoton huhunsa ga fitila,
fari ya cinye gefen dama.
Ciwon huhu ne, ko ɗalibi ya gani.
Abin da hoto ba ya faɗa:
wace ƙwaya ce,
wane magani ta riga ta haddace?

Kakinsa na cikin kwalba, an rubuta suna.
Sai kwana uku ɗakin gwaji zai amsa,
shi kuwa wannan numfashi
ba shi da kwana ukun da zai ba ni aro.

Tambaya ce sikelin da ke hannuna.

"Hindatu, an kwantar da shi kwanan baya?"
"Bayan babbar Sallah, kwana goma sha ɗaya,
sanda gyambon ƙafar ya ƙi rufewa."
Na ɗiga ɗaya a gefen kati.
"An sa mishi robar fitsari?"
"An sa."
Biyu.
"Magani fa, a gida?"
"Ba ya shan komi, Likita, sai zuma."

Na yi shiru. Shiru ma tambaya ce.
Ta dubi rufi, ta dubi uban,
ta kwance baƙar leda daga bakin mayafi:
kafso ja da yalo, fari, kore,
daga kemis ɗin Ƙofar Guga,
kowane kati an ci rabi an bar rabi.
"In zazzaɓi ya sauka, sai ya daina.
Saura ya zuba wa kaji a ruwa."

Uku. Huɗu, in na ƙirga kajin.

Baba, ka yi ta nuna wa maƙiyi bulala
ba ka taɓa tsula masa har ƙarshe ba.
Yanzu ya san tsawonta.

Na rubuta allurar da muke kullewa a kabad,
wadda mai harhaɗa magani ke ƙirgawa
kamar tsabar iri a shekarar fari.

Sai ga murya daga gado na goma:
"Likita, mu mi muka yi?
Tari ɗaya, zazzaɓi ɗaya,
ƙanena kin ba shi ta kowa da kowa.
Don mun fito daga Batagarawa da kurar jaki?"

Na je na zauna a bakin gadon.
Mannir, shekara ashirin da uku, mai noman rani,
bai taɓa kwana a asibiti ba,
rabonsa da allura tun ta shan inna.
Katinsa fes, babu ɗigo ko ɗaya.

Na ce, "Barau, da wace wuƙa kake yanka albasa?"
Ya ce, "Ƙaramar."
"Gatarin fa?"
"Shina rataye, sai an zo ga kututture."
"In ka sare komi da shi?"
Ya sosa ƙeya. "Ya dakushe."
Bai ce ya yarda ba.
Ya dai gyara wa ƙanensa bargo.

Ni ma ba yarda ce ta cika ni ba.
Ɗigo huɗu ba tabbas ba ne,
katin da ba ɗigo ma ya taɓa yaudarata:
akwai wata mai ƙosai daga Rafindaɗi
da har yau nake ganin takalmanta a ƙarƙashin gado.

Asuba. Ladanai sun fara karɓa wa juna.
Can ƙarshen baranda, a ɗakin da ba kowa,
cikin ɗumin akwatin gwaji,
wani abu na tsiro a faranti,
yana rubuta amsata a hankali.

Na koma gado na tara, agogo a hannu,
ina ƙirga hawa da saukar ƙirji.
Talatin da biyu ne ɗazu.
Yanzu ashirin da takwas.
Na sake ƙirgawa, don kar in yi wa kaina ƙarya.